Ƙafar Tela

An yi wani mutum, tela, mai shago a ƙarƙashin wani bene. Ya iya ɗinki, ba a ja da shi a nan. Kekensa na takawa ne, saboda haka ƙafarsa ta dama ita ke ciyar da gidansa. Sai dai shekara ashirin yana shan tabar wiwi. Yakan shige bayan labulen da ake gwada kaya, ya naɗa, ya zuƙa, ya fito ido jawur yana cewa yanzu ne ɗinki zai miƙe.

Ya 'yan uwa, jiki magayi ne. Sannu a hankali ƙafar ta fara ƙorafi. Ya ɗan taka keke kaɗan, sai ta ƙulle masa, dole ya tsaya. Ya miƙe, ya zauna, ya leƙa titi, ya dawo, ya rasa inda zai sa ta. Yatsun suka yi sanyi ƙalau ko da rana tsaka. Tsoro ya kama matarsa, ta matsa masa har suka je asibiti. Likita ya laluba ƙafar bai ji bugun jini ba, ya ce hayaƙin nan ya tsuke jijiyoyin, jini ba ya sauka.

"Ka zaɓa," in ji likita, "ko tabar ko ƙafar."

Ya rantse ya daina. Kwana huɗu ya yi. Ran na biyar zogi ya hana shi zama, sai ya ce ai ba abin da ke kwantar masa da ciwon sai tabar. Kun ji fa! An ba kura ajiyar nama.

Sanyin yatsun kuwa dabarar tela ya yi masa. Ya goge ƙyalle da dutsen guga, ya naɗe ƙafar da shi da zafinsa. Ƙafar da jinta ya ragu, yaushe za ta ce ya isa? Ta ƙone. Ya ɓoye a cikin safa, ya ci gaba da shiga bayan labule. Ciwo ya ƙi warkewa, babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, wari ya fara korar masu kawo ɗinki. Aka yanke yatsan. Bai daina ba. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ranar da aka sallame shi, ƙafar wandonsa na reto ba komai a ciki. Matar ta durƙusa za ta ƙulle masa.

"Bari, ba ni allura da zare," ya ce.

Ya ninke, ya ɗinke da hannu, ɗinki ya miƙe sambal. Ta juya baya tana kuka.

Ya 'yan uwa, jikin nan amana ne, kuma za a tambaye mu. Kai da ke cewa taba ce kawai, me ya fi ƙafarka tsada? Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana gaɓoɓinmu, ya ba mai sha ƙarfin dainawa tun yana tsaye da ƙafa biyu.