Jitar Garaje Ta Riga Ganga

Akwai wani mai aski da kowa a layinsu ke kira Garaje. Mutum ne mai fara'a da kyauta, kuma ya iya jita har ta kai in ya taɓa waya sai mai wucewa ya ja birki. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Shayi ma da zafinsa yake kwankwaɗa, harshe ya ƙone, ya ce laifin kofi ne.

Da aka sa ranar bikin ƙanwarsa, autar gidansu, ta zo har shago ta ce, "Yaya, ni ba na son komai a wurinka sai ka kaɗa mini jita ranar bikina." Garaje ya buga ƙirji ya yi alkawari. Baba mai ganga, shugaban makaɗan da aka ɗauka, ya ba shi waƙoƙin ya ce ya je ya koya, ya zo gwaji ana saura kwana kaɗan.

To, ga matsala. Matar Garaje ta haihu, amfilifayarsa kuwa, na'urar da ke ƙara wa jita sauti, in ya kunna har kwanukan kicin rawa suke. Sai matar, wadda ke aikin ofis, ta ba shi aron kwamfutarta. Ta samo masa manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya, da ɗan akwatin da ake soka wayar jita a ciki, da abin sawa a kunne. Zai ji ƙara son ransa, jariri kuma ya sha barcinsa.

"Amma maigida," in ji ta, "akwatin nan yana da tasa ƙaramar manhaja da ake fara sawa. Ka bari in gama wa yaron nan wanka in saita maka."

"Haba uwargida, wanka kuma? Ai abin ba wuya!"

Ya hau danna gaba, gaba, gaba, ko layi ɗaya bai karanta ba. Hoton amfilifaya ya bayyana da maɓallai reras. Ya kaɗa waya, sai ga sauti mai kauri ya cika masa kai. Wayyo daɗi! Sai da ya tashi ya taka rawa da igiya a wuya.

Sai dai sautin ba ya zuwa lokacin da ya taɓa waya. Yakan ɗan makara kamar ƙiftawar ido. Matar ta tambaye shi ko komai lafiya, ya ce lafiya lau, don ba ya son a zaunar da shi a yi ta bincike. Ya yi wa kansa dabara. In ya kunna waƙa a kwamfuta yana bi, sai ya riƙa kaɗawa da wuri kaɗan, don sautin ya faɗa daidai kan ganga. Kullum in ya rufe shago haka yake yi, har hannun ya saba, yana ta yaba wa kansa wayo.

Ranar gwaji aka haɗa shi da amfilifaya ta gaske, wadda ba ta san makara ba. Baba ya buga ganga, Garaje ya riga shi. Aka sake, ya sake riga shi. Mai waƙa ta buɗe baki, ta tarar jita ta yi gaba ta bar ta. Makaɗa suka fashe da dariya har mai busa ya ƙware.

"Ɗana," in ji Baba yana share hawayen dariya, "hannunka zuma ne, amma ina za ka? Ka riga malam masallaci!"

Garaje ya yi iya ƙoƙarinsa ya ja hannun baya, hannu ya ƙi. Dole Baba ya ba wani jitar. Wallahi abin ya yi masa ciwo, ya koma gida ya faɗa wa matarsa gaskiya. Ta sa ƙaramar manhajar, ta gyara saiti ɗaya, ko shayinsa bai huce ba aka gama. Ya taɓa waya, sauti ya fito nan take. Ya dube ta, ta dube shi, suka yi ta dariya har jariri ya farka. Kwamfuta ta gyaru, amma hannun da aka koya wa karkata ba ya miƙewa kafin biki.

Ranar biki Garaje ya raɓe a bayan mutane, kunya ta hana shi ɗaga kai. Amarya ta hango shi. Ta ratsa taro ta kamo hannunsa ta jawo shi tsakiyar fili.

"Yaya, na yafe jitar," ta ce da ƙarfi kowa na ji. "Zo mu yi rawa. Amma don Allah ka jira ganga!"

Wuri ya kaure da shewa. Garaje ya tsaya cak, ya saurara, sai da Baba ya buga sannan ya ɗaga ƙafa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sauri kan haifi nawa. Duk aikin da za ka fara, ka tsaya ka kafa shi daidai, ka kuma saurari wanda ya ce ka dakata. In ka ga kuskure, gyara shi tun yana ƙarami, kada ka koya wa kanka zama da shi. Na'ura nan da nan take gyaruwa, amma mugun sabo sai an sha wuya yake fita.