Munzali Ya Yi Wa Mara Lafiya Hassada

Akwai wani direban ƙaramar bas a Kurfi mai suna Munzali, yana jigilar fasinja zuwa Dutsin-Ma. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke wa kowa hukunci.

Munzali yana da wa guda ɗaya, Salisu, manomin rani a bakin dam ɗin Zobe. Tumatur da attarugu yake nomawa, da ɗan injin ban-ruwa wanda ba ya tashi sai da fetur.

A shekarar da aka hana sayar da mai a jarka saboda 'yan bindiga, shukar Salisu ta fara yaushi tun farkon rani. Ya roƙi ƙanensa, suka zuƙi mai daga tankin mota suka cika 'yar jarka. Ya ɗaure ta a bayan keke, ya kama hanyar gona da hantsi.

A hanya ya ci karo da wasu sojoji masu sintiri. Manoman da ke kusa sun ji harbi, suka kwanta rub da ciki a cikin shuka. Da suka ɗago, babu sojoji, babu Salisu, babu keke.

Kafin a kwana biyu magana ta zaga gari cewa an kashe wani mai kai wa 'yan bindiga mai.

Ba a kawo gawa ba, don haka ba a yi jana'iza ba. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, domin kowa yana tsoron a gan shi a ƙofar gidan. Matarsa Juwairiyya ta zauna da 'ya'ya uku, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Babu wanda ya zo daga hukuma ya ce mata ko da sannu.

Ba a daɗe ba sai ga Zaharaddin, ɗan maƙwabciyarsu Nana Hadiza, an sallamo shi gida daga aikin soja.

Zaharaddin sa'an Munzali ne. Tare suka je neman aikin a can baya. Aka ɗauki Zaharaddin, aka mayar da Munzali gida bayan gwajin gudu. Tun daga ranar, duk sanda Zaharaddin ya zo hutu cikin kaki, mutane suna “Soja! Soja!”, Munzali yakan juya baya ya hau goge gilashin motarsa wanda ba shi da datti.

Amma wannan karon ba da kaki ya dawo ba. Ya rame, ba ya magana, ba ya cin abinci sai an matsa masa. In injin niƙa ya tashi sai ya toshe kunnuwa ya shige lungun ɗaki. In ya ji warin fetur sai amai. Waɗanda suka ba shi bindiga sun ga halin da yake ciki, suka ce ya je gida ya huta. Ba likita, ba magani, ba mai bibiya. Ni dai ban san a wane littafi aka rubuta cewa wannan shi ne hutu ba.

Mutanen unguwa suka yi ta zuwa dubiya. Mata da kwanukan kunu da fura, maza da addu'a. Munzali yana zaune a kan dakalinsu yana kallon takalman da suka taru a ƙofar zauren Nana Hadiza.

“Yaya Juwai, zo ki ga ikon Allah,” ya ce wa matar wansa. “Har da mai kawo farfesu. Mu da aka kashe mana mutum ko ruwan sanyi ba mu gani ba. Shi da ya je ya yi ta kisa, shi ake lallashi.”

“Munzali, mara lafiya ne.”

“Ni ma a ba ni irin ciwon mana, in kwanta a yi ta kawo mini nama.”

Kun ji inda abin ya kai. Da yana hassadar kakinsa, yanzu yana hassadar ciwonsa.

Wata rana bayan sallar La'asar, limamin unguwa Malam Abdullatif ya tsayar da jama'a.

“Yaron nan na Nana Hadiza, mun yi addu'a kuma za mu ci gaba. Amma na lura ciwon yana bukatar likita. Akwai masu duba larurar ƙwaƙwalwa a Katsina. Munzali, kai ke da mota a cikinmu. Ka taimaka ka kai shi.”

Munzali ya miƙe tsaye.

“Allah gafarta Malam, motata ta talakawa ce, ba ta ɗaukar masu harbin talakawa. Ina da tambaya. Da Yaya Salisu ya ɓace, wa ya tako ƙofar gidanmu a cikinku? Kai, Alhaji? Kai fa, da kuke sahu ɗaya da shi kullum? To wallahi duk wanda ya sa hannu a kai wancan asibiti, da shi aka kashe ɗan'uwana.”

Maganar tasa akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ta yi kaifi. Kunya ta kama kowa, kuma maimakon su gyara laifin farko, sai suka ƙara na biyu. Aka watse ba a tsayar da komai ba.

Munzali bai tsaya nan ba. Ya bi abokan sana'arsa a tasha ɗaya bayan ɗaya, har babu direban da zai yarda ya ɗauki Zaharaddin. Nana Hadiza tsohuwa ce, ba ta da kowa sai shi. 'Yan dubiya suka ragu, daga baya suka ɗauke ƙafa.

Bazara ta wuce, damina ta sauka da ƙarfi. Ciwon ya tsananta har sai da uwar ta riƙa kulle shi a ɗaki. Kuna tsammani ran Munzali ya yi sanyi? Ko kusa. Da ya hango tsohuwar zaune a bakin ƙofar ɗakin tana yi wa ɗanta magana ta kafar ƙyaure, cewa ya yi, “Shi dai ko a kulle yana da mai jiran shi.”

Bayan kaka, Juwairiyya ta gaji da zaman da ba shi da suna. Ta je gaban alƙali a Dutsin-Ma. Alƙali ya saurare ta da kyau, sannan ya ce ba zai iya tabbatar da mutuwa ba sai da gawa ko shaidu. In babu, sai ta jira shekara huɗu irin jiran matar wanda ya ɓata. Gona ma ba za a raba wa yara ba.

A motar Munzali ta dawo, tana zaune a gaba. Sun bar Dutsin-Ma kaɗan ta ce masa, ƙasa-ƙasa don kada fasinja su ji:

“Jiya Inna Nana ta shigo wurina tana kuka. Ta ce Zaharaddin yana cikin sojojin da suka bi ta hanyar Zobe ranar. Ta ce duk watannin nan kalma ɗaya ke fita bakinshi, sunan Yayanka.”

“Ai na daɗe da zargin haka,” in ji Munzali. “Shi ya sa na yi abin da na yi.”

“Shi ya sa? Mutum ɗaya ne a duniyar nan zai iya buɗe baki ya ce mijina ya mutu, ya ce ba ɗan ta'adda ba ne. Kai kuma ka tsaya a masallaci ka hana a gyara bakin.”

“Don Yaya Salisu na yi.”

“Kada ka jingina wa mamaci. Na san ka tun kana goge majina da hannun riga. Kakin da aka hana ka ne yake cin ka har yau. Ka samu mutuwar ɗan'uwanka ka ɓuya a bayanta. Ni da 'ya'yana muke biyan abin.”

Munzali ya taka birki ya gangara gefen titi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Wani dattijo daga baya ya ɗaga murya: “Direba, mai ne ya ƙare, ko kai da Hajiya kuna raba gado ne? Ni fa awakina na jira na.”

Aka yi dariya. Munzali bai yi ba.

Washegari da safe ya ajiye motar a ƙofar gidan Nana Hadiza. Ya yi sallama, ya durƙusa a tsakar gida.

“Inna, na zo in kai shi.”

Tsohuwar ta dube shi ta ce: “Ka tabbata Katsina za ka kai min shi, ɗan nan?”

“Ki shiga gaba ki zauna, Inna. Liman ma zai bi mu.”

Likitan da ya duba Zaharaddin ya yi faɗa sosai. Ya ce irin wannan ciwo sananne ne ga waɗanda suka ga abin da ya fi ƙarfin zuciya, kuma da an kawo shi da wuri da tuni ya dawo hayyacinsa. Aka ɗora shi a kan magani da zaman tattaunawa. Munzali ne ke kai shi yana ɗauko shi. Ba sa magana a hanya. Kada in yi muku ƙarya, ba ƙauna ce ta sa shi ba, shaida yake nema.

Watanni kaɗan bayan haka, Zaharaddin da kansa ya ce a kira masa Liman da Juwairiyya da Munzali.

Zaharaddin ya zauna a zaure, kansa a sunkuye, ya fara magana.

“Salisu ya ɗaga hannu sama. Ya ce shi manomi ne, ya ce ga gonar can a je a ga injin. Na gane shi, shi ma ya gane ni, har ya kira sunana. Babbanmu ya kalle ni ya ce, ka san shi? Na ji tsoro kada a ce ni ma nasu ne. Na ce ban san shi ba.”

Juwairiyya ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Aka ce a harba. Ni ma na harba. Ban san harsashin wa ya same shi ba, kuma ba zan ce ba nawa ba ne. Aka sa mu muka rufe shi a gefen wani kwari. Ni na jera duwatsu a kai don in gane wurin.”

Munzali ya zabura, Liman ya dafe masa gwiwa. “Zauna. Abin da kake nema ke nan, ga shi an ba ka.”

Da labari ya fita, manoman da suka ji harbin suka samu ƙarfin hali, suka bi Zaharaddin da Juwairiyya gaban alƙali. Aka tabbatar da mutuwar Salisu, aka kuma faɗa a bainar jama'a cewa man injin ban-ruwa ya ɗauko. Juwairiyya ta tambaya yaushe za ta shiga takaba. Alƙali ya ce daga ranar mutuwa ake lissafi, don haka lokacin ya riga ya wuce. Nan ne ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Saura abu ɗaya, a je a yi masa salla a kan kabarinsa. Aka cika motar Munzali, Zaharaddin yana nuna hanya.

Suka isa kwarin. Zaharaddin ya tsaya, ya duba gabas, ya duba yamma, ya gangara, ya hauro. Ruwan daminar da ta wuce ya cinye gefen gaba ɗaya. Babu duwatsu, babu tudu, sai rairayi.

“Nan ne,” ya ce. “Wallahi nan ne.”

Munzali ya matso kusa da shi. Karo na farko ke nan da ya yi masa magana kai tsaye tun dawowarsa gida.

“Da a ce mun zo kafin damina fa?”

“Da mun same shi.”

Munzali ya zauna a kan rairayin ya ɗora hannu biyu a ka. Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a a tsaye, aka juya.

Labarin Munzali ya ƙare a nan, amma tambayoyina ba su ƙare ba. Wanda ya ba da umarnin harbin, wa ya tuhume shi? Wa zai biya diyyar Salisu? Wa ya ga soja ya zauce ya tura shi wurin tsohuwa? Yafiyar iyali, in ma sun yafe, ba ta sauke wa hukuma nauyinta. A yi bincike, a hukunta mai laifi, a biya marayu haƙƙinsu, a kuma tanadi likitoci ga duk wanda aka tura fagen daga, tun kafin ya cuci wani da kuma bayan ya dawo.

Darasi: Hassada takan sa rigar neman haƙƙi har mai ita ya kasa gane ta. In an zalunce ka, nemi haƙƙinka a wurin wanda ya danne shi, kada ka hana mara lafiya magani, domin wataƙila gaskiyar da kake nema a bakinsa take. Ku tura wannan ga 'yan'uwa, musamman masu ɗa a bakin aiki da waɗanda har yau suke jiran labarin nasu.