Kogon da Barde Ya Toshe

Akwai wani mutum a ƙasar Doguwa, Alhaji Ghali, mai ramukan haƙar kuza a hanyar Riruwai. Ranar Talata, sha biyar ga watan Agusta, da ƙarfe goma da kwata na safe, ɗaya daga cikin ramukansa ya rufta da mutum uku a ciki.

Akwai Khalifa, shugaban leburori. Akwai Abdulbasit, baƙo daga Kiru, wanda bai cika wata biyu da fara aiki ba. Na ukun shi ne Nazifi, ɗan Alhaji Ghali na fari, da ya sauka duba aiki.

Ramin yana jikin wani dutse mai kogo, kuma kogon yana da tarihi.

A zamanin harin bayi, kakan baban Alhaji Ghali, wanda ake kira Barde, ya auka wa mutanen da ke zaune a wurin. Suka gudu cikin kogon, maza da mata da yara. Ya ce su fito, suka ƙi. Sai ya sa aka tara ɗanyen ganye da barkono a bakin kogon aka cinna wuta. Kwana biyu ana hura ta. Bayan nan aka mirgino manyan duwatsu aka toshe bakin. Ƙasar wurin ta zama ta gidan Barde, ana gadonta har ta iso hannun Alhaji Ghali.

Yara kaɗan ne suka tsira, ta wata ƙaramar kafa a bayan dutsen. Zuriyarsu ce ke zaune a wani ɗan ƙauye da ake kira Gindin Dutse. Duk shekara kafin ruwan farko sukan je bakin kogon su share, su zuba ruwa tulu guda, liman ya yi addu'a. Kowa ya san akwai kafar nan, amma ba wanda ya san inda take. Mutum ɗaya suke nuna wa a kowane zamani, bayan ya rantse ba zai taɓa nuna wa jinin Barde ba.

A wannan shekarar Alhaji Ghali ya kewaye wurin da waya mai ƙaya. Wata tsohuwa daga ƙauyen, Iya Luba, ta tako da sandarta har gindin motarsa.

Ta ce, "Alhaji, ka buɗe mana. Ruwa kawai za mu zuba mu tafi."

Ya ce, "Iya, nan wurin aiki ne yanzu. Abin da ya faru shekara ɗari da wani abu, ni na yi shi? Ko babana ba a haifa ba. Malamai ma sun ce ba wanda zai ɗauki zunubin wani."

Ya ɗaga gilashin motarsa. A ranar tulun ya koma gida da ruwansa.

To, ranar da ramin ya rufta, kafin ƙarfe sha ɗaya mutane sun cika wurin. Aka fara haƙa da shebur da hannu. Duk kwandon ƙasa ɗaya da aka kwashe, sai biyu su zubo, saboda ruwan sama ya jiƙa ƙasar kwana uku a jere. Aka kira katafila daga Tudun Wada. Ƙarfe sha biyu saura direban ya bugo waya, ya ce rafi ya cika, ba zai iya ƙetarewa ba sai gobe.

Alhaji Ghali ya zube a laka yana tono da yatsunsa, yana kiran sunan ɗansa.

Sai Bala, mai kula da injin janye ruwa, ya kara kunnensa a jikin bututun ƙarfen da ya shiga ramin. Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ana buga bututun daga ƙasa. Sau uku, a tsaya, sau uku.

Bala ya ce, "Suna da rai. Amma bututun ya lanƙwashe, inji ba ya jan komai, ruwa kuwa yana taruwa a kansu. Alhaji, yau dai sai na faɗa. Makon jiya haƙarmu ta ɓulla cikin kogon nan. Mun ga ƙasusuwa. Mun gaya maka, ka ce mu rufe baki mu ci gaba. In sun samu sun ja jiki, to a gefen kogon suke."

Wani ya ce a mirgine duwatsun bakin kogon. Mutum talatin suka gwada, ko motsi ba su yi ba.

Ba wanda ya ambaci kafar bayan dutse. Kowa dai ya juya ya kalli wajen Gindin Dutse.

Ƙarfe ɗaya da minti goma Alhaji Ghali ya isa ƙauyen a ƙafa, takalmi ɗaya ya ɓace a hanya. Ya tarar da Iya Luba a rumfa tana tsince wake. Ɗanta Abdulrahman, wanda shi ne ke riƙe da sirrin kafar, yana tsaye a jikin danga.

Alhaji Ghali ya durƙusa. "Iya, ina wuni."

Abdulrahman ya ce, "A'a, yau jikan Barde ne a ƙasa? Tashi, Alhaji, kada rigar ta ɓaci. Ina gilashin motar?"

"Ɗana yana ƙarƙashin dutsen nan. Ruwa yana hawa. Don Allah, don Annabi, ku nuna mini kafar. Duk abin da kuke so zan yi."

"Mun ji labari tun hantsi. Ni rantsuwa na yi, da hannuna a kan Alƙur'ani."

Alhaji Ghali ya juya wajen tsohuwar. Ya ce, "Iya, yaron nan bai yi muku komai ba. Ni ma wallahi ban kashe kowa ba."

Iya Luba ta ajiye faifan. Ta ce, "Gaskiya ne, ba ka kashe kowa ba. Amma ina da tambaya. Ranar auren Nazifi ina cikin masu kallo. Da maroƙi ya taso maka, me ya ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Faɗa mini. Kunnena ya yi nauyi, ƙila ban ji daidai ba."

A hankali ya ce, "Jikan Barde mai turara dutse. Ɗari uku suka shiga, hayaƙi kaɗai ya fito."

"Kai kuma me ka yi?"

"Na cire rigata na ba shi."

Ta ce, "Ɗari uku da sha ɗaya ne suka mutu a ciki. Maroƙinka ya rage. Kakata tana da shekara bakwai uwarta ta tura ta cikin kafar nan, ita uwar ba ta iya wucewa ba. Har kakata ta mutu ba ta cin abinci mai barkono. Ka karɓi ƙasar, ka karɓi kirarin, ka ba da riga a kansa. Sai da aka zo kan gawarwakin ka ce ba a haife ka ba."

Alhaji Ghali ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka kamar yaro. Ba abin da yake maimaitawa sai, "Ruwa yana hawa, Iya. Ruwa yana hawa."

Tsohuwar ta dube shi. Sannan ta ce wa ɗanta, "Ɗauko tocila da igiya."

"Iya, rantsuwar fa?"

"Ka yi kaffara, in ba ka iya ciyarwa ba ka yi azumi. An yi rantsuwar ne don kada a sake kashe mutane a kogon nan. Yanzu mu ne za mu zauna muna tsince wake, mutum uku suna shaƙewa a ciki? Tashi."

Abdulrahman ya ciji leɓe. Ya ce, "Zan je. Amma shi zai shiga tare da ni. Ya ga abin da ake masa kirari da shi."

Ƙarfe biyu da rabi suka isa bayan dutsen, Bala da wasu leburori huɗu suna biye. Kafar tana ƙarƙashin saiwar wani gamji, an jera duwatsu a bakinta. Sai da suka fasa gefenta da guduma kafin kafaɗar babban mutum ta wuce. Alhaji Ghali ya tuɓe babbar rigarsa.

Abdulrahman ya ce, "Ka yi sallama. Kuma ka duba inda za ka sa gwiwa."

Suka shiga da rarrafe. Kamu goma bayan kafar, hasken tocila ya sauka a kan ƙasusuwan mutanen. A nan suka fi yawa, a tare wuri ɗaya, domin nan ne iska take shigowa. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, kamar an ɗaga su ana miƙawa. Akwai wani ƙashin hannu da munduwa har yanzu a jikinsa. Rufin kogon baƙi ƙirin da hayaƙin da ya fi shekara ɗari.

Babu inda mutum zai sa gwiwa bai taɓa wani ba. Alhaji Ghali yana rarrafe yana cewa, "Ku yi haƙuri. Ku yi haƙuri."

Can ƙasan kogon suka shiga ruwa, ya kai musu ƙugu. Suka ji tari. Khalifa ne a tsaye cikin duhu, ruwa a ƙirjinsa, ya rungume Nazifi yana ɗaga kansa sama. Ƙafar Nazifi ta karye wuri biyu. Abdulrahman ne ya goya shi, ya ja jiki da shi har waje.

Abdulbasit kuwa ƙasa ta danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Khalifa ya ce Abdulbasit ɗin ne yake buga bututun, domin shi ya fi kusa da shi. Ya daina bugawa wajen ƙarfe biyu, lokacin da ruwa ya rufe fuskarsa. Sai ƙarfe huɗu da kwata suka iya fito da gawarsa.

Aka sa Nazifi da Khalifa a mota zuwa asibiti. Alhaji Ghali bai bi su ba. Ya ɗauko babbar rigarsa ya lulluɓe mamacin, ya zauna kusa da shi. Iya Luba ta iso, an riƙo hannunta.

Ya ce, "Iya, wannan ba Barde ba ne. Ni ne. An gaya mini an ga ƙasusuwa, na ce a ci gaba." Sannan ya ce, "Na cikin kogon kuma, ki yafe mana."

Ta ce, "Ba ni aka turara ba, Alhaji. Ba ni da ikon yafewa a madadinsu, wannan yana wurin Allah. Abin da ke hannunka shi za ka yi. Ka cire wayarka. Ka rufe ramin. Ka hana a sake yi maka wannan kirari. Yaron nan kuma yana da mata da goyo a Kiru, kai za ka je da kanka ka gaya mata."

Ya ce, "To."

Zuwa ƙarfe biyar da rabi jama'a sun watse saboda hadari ya sake haɗowa. Waɗanda suka rage a bayan dutsen su ne: Iya Luba, a zaune kan saiwar gamji. Abdulrahman, yana ɗaure tafin hannunsa da ya tsage. Bala, wanda ya ƙi tafiya. Alhaji Ghali, da singileti da takalmi ɗaya. Abdulbasit ɗan Kiru, mai shekara ashirin da shida, a lulluɓe ana jiran makara. Sai mutum ɗari uku da sha ɗaya a ciki.

Darasi: Ba za a tambaye ka laifin da kakanka ya yi ba, amma za a tambaye ka abin da ka yi da shi bayan ka sani. Wanda yake cin amfanin zalunci, yana alfahari da shi, yana hana waɗanda aka zalunta ko da yin addu'a, ya fara rubuta nasa laifin. Ka amsa gaskiya, ka gyara abin da ke hannunka tun kafin wani ya rasa ransa. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu gidan da ake yi wa kirari, su zauna su saurari abin da kirarin yake faɗa.