Kura Mai Gadin Gonar Zomo

Gatanan gatananku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na nan.

Zomo ne zai tafi biki, sai ya ce wa maƙwabciyarsa Kura, "Yaya, ki ɗan sa min ido a gonar gyaɗata." Ku ji min wauta! Gonar nan fa an riga an cire gyaɗa an kai rumbu. Kala ce kawai ta rage, wadda kowa ya san rabon marasa ƙarfi ce.

Kura ta tsaya a bakin iyaka tana hura hanci, kai ka ce sarauta aka ba ta. Can sai ga tsohuwar Akuya da ɗan ƙoƙonta, tana tonon kala.

Kura ta daka tsawa, "Ɓarauniya!"

Akuya ta ce, "Haba Kura, kala ce fa. Tun kakanni ake yin ta."

"To kakannin su zo su ƙwace ki!" Ta cafke mata wuya, ko shurawa ba ta yi ba.

Da Zomo ya dawo, Kura ta tare shi tana sakace. "Maƙwabci, ka gode min, na kashe maka ɓarauniya."

Zomo ya ga ƙoƙon Akuya a yashe, ya ɗora hannu a ka. "Wayyo! Ido na ce ki sa, ba haƙori ba! A kan ragowar da na bar wa Allah kika ɗauki rai? Ina gawar, mu yi mata sutura?"

Kura ta yi gyatsa ta ce, "Wannan ma na hutar da kai. Af, yaushe za ka sake tafiya?"

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.