Tsohon da Ya Cire Kuka daga Labarinsa

Akwai wani tsohon manomi wanda ya ga yaƙi da idonsa tun yana ƙarami, amma bai taɓa gaya wa jikokinsa gaskiyar abin da ya gani ba. Tausayinsu yake ji. Sai ya ƙirƙiro musu wani jarumi mai suna Gagarau, wanda yake korar mutanen ƙetaren kogi da mashi ɗaya. A labarin nan akwai ganguna, akwai kirari, amma babu mai kuka. Mutanen ƙetare kuwa ko suna ba su da shi. Tsoho ya iya baki, yara kuma suka haddace kome.

Wata rana ya dawo daga gona da tsakar rana, ya tarar gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Can sai ya ji ana rera kirarin Gagarau a hankali daga bayan rumbuna, da muryoyin da bai gane ba.

Ya leƙa. Jikokinsa ne su biyar, sun shafe fuskokinsu da toka, sun kewaye wani tsohon rumbu, sun tara kara a gindinsa. Babbarsu, Tabita, tana riƙe da itace mai ci da wuta. Daga cikin rumbun aka yi tari. Asabe ce, 'yar maƙwabcinsu, wadda kakanninta suka zo daga ƙetare.

Ya daka tsawa, “Tabita! Me kuke yi?”

Ta juyo ta dube shi kamar baƙo. Ta ce, “Kaka, ai mutanen ƙetare ba sa jin zafi. Ba ka taɓa cewa sun yi kuka ba.”

Ya fizge itacen, ya fito da Asabe. Ya zauna a ƙasa, ya ce, “Ƙarya na yi muku. Babu wani Gagarau. Mutanenmu ne suka sa wa rumbunan ƙetare wuta da mutane a ciki, ina tsaye ina gani. Na cikin sun yi kuka, har yau ina jinsa.”

Tabita ta goge tokar fuskarta, ta ce, “Suna da suna?”

Tsoho ya buɗe baki, sai ya ga sunaye biyu kawai yake tunawa.

To, jama'a, ga ma'anar misalin nan. Tsohon nan mu ne, iyaye da malamai. Ba laifi ba ne mu koya wa yara abin da ya wuce ta hanyar ƙagaggen labari, amma in muka cire hawayen wancan ɓangare, mun koya musu cewa akwai mutanen da ba Allah ne ya halicce su ba. Yaro ba ya ajiye labari, aikata shi yake yi. Yau in kun koma gida, ku tambayi 'ya'yanku su wane ne mugaye a labaran da kuke ba su. In suka kira sunan maƙwabcinku, ku sani an riga an tara kara.