Maza-Maza Mai Aski da Kifin Ruwan Gishiri

Akwai wani mai aski da kowa ke kira Maza-Maza, don kafin ka gama gyara zama a kujerarsa ya riga ya kakkaɓe maka wuya yana kiran na gaba. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya riƙo. Jira ne kawai Allah bai ba shi ba.

Wata rana haƙori ya kai shi wurin likita. A ɗakin jira ya ga akwatin gilashi cike da ruwan teku, da duwatsu, da murjani mai rai yana kaɗawa kamar ciyawa, ga ƙananan kifaye suna shawagi. Sau uku ana kiran sunansa bai ji ba.

Da kumburin kuncinsa ya wuce wurin wata dattijuwa mai sayar da irin waɗannan kaya, wadda ake kira Gwaggo mai kifi.

Ta haɗa masa akwati, da yashi, da duwatsu, da ɗan injin da ke juya ruwa, da buhun gishiri. Ta ce, "Wannan ba na miya ba ne, kada matarka ta taɓa. In ya ƙare kuma kada ka taɓa nata."

Ya nuna wasu kifaye biyu masu ruwan lemo da farin zane. "Ga waɗannan ma, Gwaggo. A ƙulla mini."

"Ba yau ba, ɗan nan. Sai bayan sati shida."

"Sati me?"

"Shida. Kifi a ruwan da yake sha yake bayan gida. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin. Sai sun hayayyafa a jikin duwatsun nan tukun. Duk kwana uku ka zuba ɗan abincin kifi, kamar yadda za ka tsinci gishiri da yatsa biyu. In lokaci ya yi ka kawo mini ruwan a kwalba in gwada."

"In ba wa wa abincin? Ai babu kowa a ciki!"

"Akwai. Kai ne ba ka ganin su."

Ta ce waɗannan biyun ita ta raine su tun suna kamar ƙwayar shinkafa, kuma za ta ajiye masa su.

Maza-Maza ya kafa akwatin a shago, tsakanin madubi da bencin masu jira. Ruwa garau, fitila shuɗiya, inji na gurnani. Kifi babu.

To, kun san bakin shagon aski. Tela, maƙwabcinsa, shi ya fara. Ya leƙo da tef a wuya, ya tarar da Maza-Maza na barbaɗa abinci a ruwa.

"Maigida, wa kake ciyarwa?"

"Wasu ne da ba a gani."

Tela ya ja da baya taku biyu. "A'uzu billahi! Ka ce mana kiwon mutanen ɓoye ka fara, mu nemi wani layin."

Daga ranar magana ta bazu. Wani ya shigo ya yi wa akwatin sallama kafin ya gaida mai shago. Wani ya ce a gaishe da dutse, ya ga ya ƙara ƙiba. Tsohon Hedimasta, wanda shekara goma sha biyar a nan yake aski, ya sa tabarau ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, na koyar shekara talatin, ban taɓa kiran suna a ajin da babu ɗalibi ba."

Maza-Maza yana dariya, amma abin na ci masa rai. Sai ya yi lissafi irin nasa: in ɗan abincin yatsa biyu yana cin sati shida, ai cokali guda zai gama aikin a sati ɗaya. Ya dinga zuba abinci safe da yamma. Ruwa ya fara hazo, duwatsu suka yi wani datti ruwan ƙasa.

A kwana na goma sha biyu Tela ya zo da ƙugiya da zare, ya zauna a benci ya ce yau sai ya kama ko da aljani ɗaya ne. Shago ya kece da dariya. Nan Maza-Maza ya ce ya isa.

Ya ɗebi ruwan akwatin a kwalba, ya ɗaga, ya ga kamar an wanke tukunya. Ya san Gwaggo ba za ta yarda ba. Sai ya zubar, ya dama sabon ruwa da gishiri, ya cika kwalbar da shi.

Gwaggo ta ɗiga magungunan gwajinta, ta girgiza, ta ɗaga wajen haske. Ta daɗe tana kallo.

"Ruwan nan ya cika tsabta. Kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba."

"Ai ni mutum ne mai tsabta, Gwaggo. Aski nake yi."

"Daga akwatin ka ɗebo?"

"Daga ina kuma zan ɗebo?"

"Wani lokaci duwatsu masu kyau sukan yi sauri," in ji ta, kamar mai lallashin kanta. Ta dube shi ido cikin ido. Shi kuwa ya dubi silin. Ta ƙulla masa kifin a leda, har tana yi musu magana: "Ku yi zamanku lafiya, kun ji?"

Ranar shago ya cika. Tela ya kawo matarsa ta gani. Maza-Maza yana aski yana bayani, wai masu ilimi sati shida suke yi, masu basira kwana goma sha biyu.

Kwana biyu aka yi ana wannan shagali. A safiya ta uku Hedimasta na kan kujera, an aske masa ɓangaren dama tas, na hagu na nan da furfurarsa, sai ya ce, "Yaro, kifinka gaisuwa suke yi ne? Na ga sun ɗago baki sama."

Maza-Maza ya juya. Duka biyun suna saman ruwa suna haki, ƙaramin har ya fara kishingiɗa. Kilifa ta faɗi daga hannunsa.

"Na shiga uku! Tela! Bokiti!"

Tela ya shigo a guje da bokitin da yake jiƙa yadi. Aka ɗauraye, aka dama sabon ruwa, aka kwashe kifin. Babur ɗin Maza-Maza ne kusa, amma wa zai riƙe bokiti?

"Ni," in ji Hedimasta. Ya haye baya da mayafin askin a wuyansa, rabin kai na ƙyalli, rabi na kaɗawa, yana ihu, "A hankali, yaro, ruwa na zuba! A'a, yi sauri! A hankali na ce!" Duk wanda suka wuce sai ya tsaya ya bi su da kallo.

Suna isa wurin Gwaggo, ta karɓi kifin. Ta saba musu da ruwanta kaɗan-kaɗan, ta sake su. Babban ya girgije ya shige bayan dutse. Ƙaramin ya sauka ƙasa ya kwanta, bai sake motsi ba.

Ta tsamo shi ta ɗora a tafin hannunta. Bai kai tsawon yatsa ba.

Maza-Maza ya durƙusa. "Gwaggo, ruwan da na kawo miki ba na akwatin ba ne."

"Na gane yanzu. Wata bakwai ina rainon wannan. Ni ka yi wa ƙaryar, ɗan nan, amma shi ya shaƙe ta."

Maza-Maza ya sunkuyar da kai. Hawaye kawai. Hedimasta ya shafa rabin kansa ya ce, "Tashi, ka ji magana. Kuka ba zai ƙarasa mini askin nan ba."

Maza-Maza ya koma shago ya canza rabin ruwan, ya koma wa ɗan abincin yatsa biyu duk kwana uku. Dattin duwatsu ya yi duhu, daga baya ya fara washewa da kansa. Wannan karon sati bakwai ya ɗauka.

Bai kai kwalba ba. Ya je ya ɗauko Gwaggo da kanta, ya share mata kujerar aski ta zauna. Ita ta ɗebi ruwan da hannunta, ta ɗiga, ta girgiza, ta ɗaga wajen haske.

"Yanzu an zauna a ruwan nan," in ji ta.

Ta ciro leda daga jakarta, babban ne a ciki shi kaɗai. Ta ce, "Abokin zama sai bayan wata guda. Murjani kuwa sai bayan wata uku, in na ga hali."

Maza-Maza ya buɗe baki. Kowa ya san abin da zai fito: ba za a rage ba? Ya dubi kifin a leda. Ya rufe bakin, ya haɗiye.

"To, Gwaggo," in ji shi. "Nuna mini yadda ake sake shi."

Darasi: 'Ya'yana, dariyar mutane ba ta taɓa kashe kowa ba, amma gaggawa don a rufe musu baki tana kashewa. Za ka iya yaudarar mai gwada maka ruwa, amma wanda zai zauna a cikin ruwan ba ya yaudaruwa, kuma yawanci marar laifi ne ke kwana a ciki. In an ce ka jira, ka jira. In an tambaye ka, ka faɗi gaskiya tun abin bai kai ga rai ba. Ku tura wa wannan ɗan uwan naku da ba ya iya jiran ruwa ya tafasa, ku ce ni na aiko ku.