Ranar da Kura Ta Sayar da Fatarta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo, mun kasa kunne!

Wani farke ya shigo dajin yamma sayen fatu, Dila ne dillalinsa. Kura ta ji an taya fatar Damisa kantun gishiri biyu, kishi ya turnuƙe ta.

"Malam Dila, taya tawa!"

"Kantu ɗaya."

"Albarka! Damisa ta fi ni ne?"

"To, uku."

"Na sallama!" Ta hau rawa tana shewa.

Farke ya zaro wuƙa.

"Malam, wannan ta mece ce?"

Dila ya ce, "Fata kawai muka saya, ranki ya daɗe. Naman naki ne, ki tafi da abinki."

Gudun da Kura ta yi ranar ne ya sauke mata ƙugu, har yau bai miƙe ba.

Ƙurunƙus kan ɓera, shi ma ya ce tasa ba ta sayarwa ba ce!